Albashi kaɗan, wai sauran yana cikin bonas: masu tallan magani ku faɗa muna gaskiya

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka san harkar tallan magani ina neman shawara. Wani kamfani ya kira ni intabiyu a Kano, sun ce za su ɗauke ni wakilinsu mai kula da Katsina da Daura. Albashin da suka faɗa wallahi kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70, amma manajan ya ce kar in dubi albashi, kuɗin yana cikin bonas da kamasho, wai akwai yaransa da ke ɗaukar ninkin albashinsu ukku a wata. Za su ba ni mota da alawus ɗin mai. Sai dai sun ce in kawo mutum biyu da za su tsaya mani, ɗaya dole ma'aikacin gwamnati. Ni ko Panadol ban taɓa saidawa ba. Bonas ɗin nan da gaske ana samu ko daɗin baki ne?

Sarkin Zolaya: Ka ce ya ba ka lambar yaron mai ninki ukkun mu gaisa 😂

Baban Walid: Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe a aikin nan kafin in bari, bari in warware maka. Manajan bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen dai ya gaya maka. Kowane kamfani da tsarinsa amma galibi haka abin yake: za a yanka maka taget, a ce misali kayan miliyan biyar a wata. In ka tsaya ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ba ka da ko sisi, ko da kashi 79 ka yi, wahalarka ta tafi a banza. Daga 80 zuwa ƙasa da 100 a ɗan yayyafa maka wani abu. In ka cika ɗari sai a ba ka cikakke, in ka haura kuma kason da ake ba ka a kan abin da ya haura ya fi na ƙasa, shi ya sa za ka ga mutum ranar 29 ga wata kamar zai haukace yana neman inda zai zuba katan goma.

Na biyu, kuma nan ne yara ke faɗawa rami, kamfanoni da yawa ba sa lissafa maka ciniki sai kuɗi sun shiga asusunsu. Kai kau kasuwarmu ta bashi ce. Ka kai kaya asibitin kuɗi ko famasi, a ce ka dawo bayan sati biyu, ka dawo a ce oga ya yi tafiya, ka sake dawowa a ba ka rabi. In wa'adin da kamfani ya sa ya wuce, kwana 30 ko 60, bonas ɗin wannan cinikin ya faɗi, bashin kuma sunanka ke kai ba sunan mai famasi ba. Garanton da suka ce ka kawo don wannan ne. Ba don mota ba ne kawai.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ikon Allah. Yaya to in mai famasin ya ƙi biya gaba ɗaya fa?

Baban Walid: A fara cira a albashinka. In ka gudu a nemi kawunka da ya sa hannu.

Oga Eriya: Baban Walid ka tsorata yaro tun bai fara ba. Ni manajan yanki ne, ina da wakilai a jihohi da yawa, bari in faɗi namu ɓangaren. Wakili shi kaɗai yake a fili. Ina Kano, ogana yana Legas, wa ke ganin ko ya je Malumfashi yau ko yana kwance a ɗaki yana cike rahoto? Katsina ƙananan hukumomi 34 ne. In na ce kowa albashinsa ɗaya ko ka yi ko ba ka yi ba, wanda ke tashi da asuba ya kama hanyar Funtua da wanda ke zagaya titin IBB kawai ya koma gida, na zalunci na farko. Bonas shi ne hanyar da mai ƙoƙari zai bambanta da malalaci. Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai kamfanonin da in ka riƙe mota wasu shekaru kana cika taget a bar maka ita, akwai kyautar gwarzon shekara, akwai ƙarin girma, ni kaina daga wakili na taso. Maganar bashi kuma, ba mu taɓa ce wa kowa ya ba da kaya ga wanda bai sani ba. Akwai iyakar bashin da aka yarda ka bayar, yara ne ke tsallakewa don kwaɗayin cika taget.

Baban Walid: Yallaɓai wa ke kiran su a waya sau biyar a rana ƙarshen wata yana cewa "lambarka ba ta yi kyau ba"? Kwaɗayin daga sama yake gangarowa, don kai ma bonas ɗinka a kan jimillar nasu yake.

Oga Eriya: Wannan gaskiya ne ban musa ba. Ni ma akwai mai kirana.

Alhaji Mai Kemis Daura: To ni bari in ba ku labarin yadda abin yake daga bayan kanta. Ni ko kalanda ban duba ba na san wata ya kai 25, don wayata ba ta hutawa. "Alhaji ina hanya, akwai garaɓasa." Ya zo ya faka mota ƙofar shago, ya buɗe but, katan-katan har bisa kujerar baya rana na dukan su, ya ce ɗauki goma in ƙara maka ɗaya, ɗauki ashirin in ƙara ukku, kuɗi kuma sai ka saida. Wani har roƙo yake, Alhaji ka taimake ni ka ajiye mani su nan ko ba ka so, in wata ya kama in zo in kwashe, rasit kawai nike so ya fita. To ka ga wannan ai ba ciniki ba ne, ajiya ce. Shi ya ci bonas ɗinsa, ni an cika mani shago. Kuma in ba ka juya kwali ka duba ba, garaɓasar nan sau da yawa kayan da saura wata huɗu ko biyar wa'adinsu ya ƙare ne. Sirop ɗin tari a kawo maka shi ana tsakiyar zafin Afrilu, wa zai saya? Sai ya zauna maka, ka nemi yaron ya zo ya canza, a ce ai ya bar kamfanin, sabon da aka kawo ya ce shi bai san zancen ba.

Sarkin Zolaya: Alhaji amma gyaran katan ɗayan kana karɓa dai ko 😄

Alhaji Mai Kemis Daura: Ina karɓa mana, ɗan kasuwa nike. Amma yanzu sai na ga kwanan wata da idona.

Anti Famasist: Alhaji ya taɓo inda matsalar take. Akwai kayan da suka fita daga sito zuwa hannun dila ko kanta, akwai kuma kayan da suka bar kanta zuwa hannun majinyacin da ke buƙatarsu. Kamfanoni na farkon suke aunawa don shi ne mai sauƙin ƙirgawa, a kansa suke biyan bonas. To duk abin da ka ce za ka biya mutum a kai, shi zai yi maka. Ka ce katan, zai tura katan ko ina ne. Shi ya sa za ka shiga ƙaramin kemis a ƙauye ka tarar da alluran antibayotik masu ƙarfi a jere, alhali lasisin da PCN, hukumar kula da harkar famasi ta ƙasa, ke ba masu kemis na magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba ne, akwai jerin abin da aka yarda su ajiye. Wa ya kai masu? Wani daga kasuwa suka saro, wani kuma har ƙofa aka kawo masu don wani yana neman cika lamba. Mai kemis kuma in kaya suka yi mashi nauyi dole ya tura su, sai mai mura ya zo a haɗa mashi da antibayotik na kwana biyu. Gobe in ciwon gaske ya zo maganin ya ƙi ci.

Kuma mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin inda wannan ke kaiwa ba. Kun manta kodin? A 2018 binciken BBC ya nuna wasu ma'aikatan kamfanonin magani suna saida katan-katan na sirop mai kodin ta bayan fage ba takardar likita ba komai, washegarin fitar rahoton, 1 ga Mayu, ministan lafiya na lokacin Farfesa Isaac Adewole ya sanar da hana shigo da shi da haɗa shi, NAFDAC kuma ta rufe wasu kamfanoni na ɗan lokaci. Kwalaben nan da muke gani a kwatocin unguwanni ai ba daga sama suka faɗo ba, a littafin wani ciniki ne, wata ƙila ma an tafa mashi a taron ƙarshen shekara.

Oga Eriya: Anti wannan laifi ne na masu laifi, ba tsarin bonas ba. Kar a haɗa mu da su don Allah.

Anti Famasist: Yallaɓai ban haɗa ka da su ba. Tambaya ɗaya: in yaronka ya ninka cinikin wani magani cikin wata biyu a yankin da asibitoci ba su ƙaru ba, kiran farko da za ka yi mashi na barka ne ko na tambayar ina ya kai?

Rep Mai Corolla: Ni ina cikin aikin yanzu haka, kuma abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya ba wanda ya faɗe shi tukuna. Kano. Ka yi wata ukku kana bin likitoci da famasist kana bayani har su fara rubuta maganinka, buƙata ta tashi, sai mai famasi ya hau mota ya je Kano ya saro shi a wurin babban dila, don dilan ya ɗauki katan ɗari an yi mashi ragin da ni ba ni da ikon yi. Magani na kamfaninmu ne, a Katsina aka sha shi, amma a kwamfutar ofis cinikin na wakilin Kano ne. Shi ya ci bonas, ni a taron wata a ce Katsina ba ta motsi. Da can daga Sabon Gari ake sarowa, tun da aka rufe shagunan can a 2024 aka ce su koma cibiyar Dangwauro ta kan titin Zariya wurin ne ya canza, lissafin bai canza ba.

Sannan mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Alawus ɗin mai an ƙara amma bai bi sawu ba. Katsina zuwa Daura da dawowa kawai ya haura kilomita 150, balle Funtua. To wani watan bonas ɗin da na ci a tankin mota yake ƙarewa da gyaran shokazoba. Ga kuma wuraren da aka rubuta cikin yankinka amma ba kowace rana za ka kama hanyarsu da mota mai tambarin kamfani ba, ɓangaren Batsari, Safana, Faskari, kowa ya san halin da aka shiga. Wanda ya yanka taget ɗin a Legas yawan jama'ar jiha ya duba a takarda.

Ɗan Ƙofar Marusa: Yaya amma tunda magani ya yi tsada ai cika taget na kuɗi zai yi sauƙi ko?

Rep Mai Corolla: Shekarar farko bayan faɗuwar naira haka ne, wasu sun ci bonas ba don sun ƙara ƙoƙari ba, farashi ne ya ninka. Kamfani ba wawa ba ne, shekara ta zagayo suka ɗora taget a kan sabon farashi suka ƙara wani abu bisa, wasu ma suka koma ƙirga yawan kwali. Mutane kuma kuɗi ya ƙare masu, mai sayen kwali ya koma sayen kati ɗaya, mai kati ya koma ƙwaya huɗu. Kuma abin haushi duk shekarar da ka yi ƙoƙari sosai ita ce ma'aunin da za a yanka maka ta gaba. Akwai tsofaffin hannu da in sun cika taget ranar 20 sai su riƙe sauran oda zuwa wata mai kamawa.

Hajiya Maman Ilham: Ni ba 'yar harkar ba ce amma ni ke sayen maganin mahaifiyarmu, hawan jini da suga. An taɓa rubuta mata wani maganin hawan jini da sunan kamfani, aka ce lallai shi, har aka kwatanta mani famasin da zan same shi. Tsada kamar mi. Wata rana babu shi, wata famasist ta ce Hajiya ai amlodifin ne, ga wani mai rajistar NAFDAC ƙarfinsu ɗaya, kuɗinsa bai kai rabi ba. Muka koma wurin wani likitan ya ce ba komai a ci gaba da shi ana auna ta. To tun ranar nake tambayar kaina, wancan na farkon don lafiyar Inna ya zaɓa ko akwai wani abu? Ina ganin samarin nan masu jaka da taye suna shiga ofishin likita mu muna bisa benci tun safe.

Dokta Na Layout: Hajiya tambayarki a kan hanya take, kuma zan ba ki amsa tsakani da Allah. Wani lokacin likita na nacewa a kan kamfani ɗaya don ya gwada ya ga yana aiki, kuma a ƙasar da jabun magani ya yi ɓarna, har sai da marigayiya Dora Akunyili ta yi yaƙi da shi a NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ba laifi ba ne mutum ya riƙe abin da ya yarda da shi. Wakilan nan kuma suna da amfani, sau da yawa daga bakinsu muke fara jin sabon magani ya shigo ko an canza ƙarfin wani. Amma ba zan ce maki babu ɗaya ɓangaren ba. Biro, kalanda, takardar rubuta magani mai tambari, abincin rana a taron gabatar da magani, kuɗin rajistar taron ƙungiya, duk muna cewa ba sa tasiri a kanmu, amma da ba sa tasiri kamfani ba zai ware masu kuɗi duk shekara ba. Sai kuma mummunan, wanda ake cewa ga kaza a kan kowane kwali da ka rubuta. Wannan cin amana ne, ƙa'idar aikinmu ta hana, kuma kuɗin daga jakarki yake fita Hajiya. Abin da aka koya muna shi ne a rubuta sunan asalin maganin, majinyaci ya zaɓa da shawarar famasist. Kina da haƙƙin ki ce likita akwai mai sauƙin kuɗi irinsa?

Kuma don kar a ce halin 'yan Najeriya ne, ku dubi Amurka. Kamfanin Purdue ya fito da OxyContin a 1996, maganin ciwo ne dangin su kodin amma ya fi ƙarfi nesa. A 2001 matsakaicin albashin wakilinsu dala dubu 55 ne a shekara, matsakaicin bonas kuma dala dubu 71 da ɗari biyar, wato bonas ya fi albashi, a shekarar kawai dala miliyan 40 suka raba. Mi kake tsammani wakili zai gaya wa likita game da haɗarin kamuwa da jarabar maganin? A 2007 kamfanin da wasu manyansa suka amsa laifin yaudara a kan wannan haɗarin, aka ci su tarar sama da dala miliyan 600. Wani kamfanin, Insys, shi kuma yadda ya tsara abin duk yadda likita ya ƙara ƙarfin maganinsu da yake rubutawa haka kason wakili ke ƙaruwa, mai kamfanin John Kapoor a 2020 aka yanke mashi ɗaurin wata 66. Yanzu a can akwai doka tun 2010 da ta tilasta wa kamfanoni su bayyana abin da suka ba likitoci, kowa na iya shiga intanet ya rubuta sunan likitansa ya gani, har kuɗin abinci.

Sarkin Zolaya: Dokta a kawo wannan dokar nan a ga yadda intanet zai ɗauke a wasu unguwanni 😂

Oga Eriya: To Dokta mi kuke so a yi, a soke bonas? An gwada ai. Kamfanin magani na Birtaniya, GSK, bayan tarar dala biliyan 3 da suka biya a Amurka a 2012, ga kuma badaƙalar cin hanci a Chaina da ta jawo masu tarar kuɗin Chaina yuwan biliyan 3 a 2014, sun sanar a ƙarshen 2013 cewa sun daina ɗaura bonas ɗin wakili a kan yawan maganin da aka rubuta, za su riƙa auna iliminsa da yadda likitoci suka gamsu da bayaninsa. Kowa ya yaba. Sauran kamfanoni ba su bi su ba, zuwa 2019 su da kansu suka dawo da wani ɓangare na tsohon tsarin a kan wasu magunguna. In babban kamfani irin wannan bai iya tsayawa shi kaɗai ba, ni da ke gasa da kamfani goma a kan maganin maleriya iri ɗaya fa?

Anti Famasist: Ba wanda ya ce a soke. A gyara abin da ake aunawa. Albashi ya zama wanda mutum zai iya ciyar da gida da shi ko watan bai yi kyau ba, don mai jin yunwa ranar 28 ba ka da bakin yi mashi wa'azin ƙa'ida. A raba bonas ɗin, wani kaso a kan ciniki, wani a kan dawo da kuɗi, wani a kan ko kayan sun fita daga kanta ko an dawo da su sun lalace, in an dawo da su a cire. Magungunan da ake sa wa ido irin su tiramadol kuma kwata-kwata kar a sa masu taget. Kuma a haɗa Kano da Katsina a wani kason tunda kowa ya san kaya na tsallakowa.

Rep Mai Corolla: Wannan na ƙarshen Anti Allah ya kai shi kunnen Legas.

Baban Walid: Ku tuna kuma irin kamfanonin da ke biyan albashi mai kauri su ne ke janyewa. GSK ta sanar a Agustan 2023 ta daina saida kayanta da kanta a Najeriya sai ta hannun dila, Sanofi ma ta bi bayan 'yan watanni. Abin da ya rage wa yaranmu galibi masu shigo da kaya ne da diloli, su kau kamasho suka fi ganewa, wani ma albashin suna ne kawai.

Malam Na Ƙofar Soro: Salamu alaikum. Tunda an taɓo halal da haram bari in sa baki kaɗan. Bonas a kan kansa ba matsala, malamai na kiran irinsa ju'ala, wato a ce wanda ya yi kaza yana da kaza, kuma suna kafa hujja da ayar Suratu Yusuf inda aka ce wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. La'adar dillali ma haka. Sharaɗi shi ne a san aikin, a san ladan tun farko, ba a bar shi a duhu ba sai ƙarshen wata a ce an canza lissafi. Inda ake shiga haɗari wuri biyu ne. Ɓoye aibin kaya, kamar ka san wa'adi ya kusa ka yi shiru, ko ka faɗi amfanin magani ka haɗiye illarsa. Sai kuma kyauta ga wanda aka ba amana. Hadisin Ibnul Lutbiyya sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim, an aike shi karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya ce mi ya hana shi zama gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo mashi kyautar. Likita ko mai sayo wa asibiti magani ya yi wa kansa wannan tambayar, mai bayarwa ma ya yi.

Dokta Na Layout: Allah ya saka Malam. Har biron ma?

Malam Na Ƙofar Soro: Dokta biron da ake raba wa kowa har masinja daban, ambulan da ake rufe ƙofa kafin a miƙa daban. Kai ka san wanne ne ke sa hannunka ya karkata.

Baban Walid: Ɗan Ƙofar Marusa in za ka karɓa, kafin kawunka ya sa hannu ka sa su ba ka tsarin bonas ɗin a rubuce, ba a baki ba. Ka tambaya a kan kayan da aka fitar ake biya ko kuɗin da suka shigo, duk wata ne ko duk wata ukku, kuma in ka bar aiki kafin ranar biya ana ba ka ko ya faɗi. Ka tambayi nawa wanda ya riƙe Katsina kafin kai yake yi a wata da dalilin tafiyarsa, in suka yi ta kwana-kwana ka gane. Mafi muhimmanci kar ka yarda a ɗora maka bashin da ya bari a kasuwa, a zauna a rubuta wanda ke kansa daban. Kuma kuɗin kwastoma ya tura asusun kamfani kai tsaye, kar ka riƙa karɓa a hannu, ranar da mota ta lalace a hanyar Kankia za ka taɓa su da niyyar mayarwa, daga nan ake farawa.

Oga Eriya: Wannan duka na sa hannu. Wanda ya yi mani waɗannan tambayoyin a intabiyu ma shi zan ɗauka.

Alhaji Mai Kemis Daura: Yallaɓai tunda kana nan, katan biyu na sirop ɗin da na ce yana nan bayan kanta, wa'adinsa ya ƙare tun bara, kuma an hana mu zubarwa a bola. Ban ce na kamfaninku ba ne, amma a ƙa'ida wa ya kamata ya kwashe?

Oga Eriya: Ya danganta da abin da aka rubuta a rasit Alhaji. Akwai sharaɗin dawowa a jiki?

Alhaji Mai Kemis Daura: Wane rasit, yaron a bayan kwalin ya rubuta lissafin da biro.

Anti Famasist: Alhaji ware su daban ka rubuta masu "ba na saidawa ba" kar yaron shago ya miƙa wa wani, sannan ka tuntuɓi ofishin NAFDAC na jiha ko shugabannin ƙungiyarku, su ke tattara irin waɗannan a lalata. Kuɗin kam ina jin sun tafi.